Yadda za a kare yara daga cututtuka masu yaɗuwa idan an koma makaranta

'Yar'uwa, kin yi tambaya kan yadda za ki kare yaranki daga ɗaukar cuta yanzu da za a koma aji. A ganina, abu na farko shi ne ki duba katin rigakafinsu kafin ranar komawa, musamman allurar ƙyanda, domin ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har tsawon sa'o'i 2 bayan mai ɗauke da ita ya fita, kuma cikin yara 10 da ba a yi musu allura ba, kusan 9 za su kamu idan suka yi cuɗanya da shi. Allura biyu suna ba da kariya ta kusan kashi 97 cikin 100.

Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayan gida, yana rage gudawa da mura. Ki kuma roƙi malamai su riƙa barin tagogi a buɗe.

Inda iyaye suka fi yin sakaci shi ne tura yaro makaranta bayan an ba shi maganin da ya sauke masa zazzaɓi, alhali ciwon yana nan. Ya kamata ya zauna a gida har ya yi sa'o'i 24 babu zazzaɓi, kuma ba tare da ya sha maganin zazzaɓin ba. Mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito har kwana 4 bayan fitowarsu, mai ƙarambau kuwa sai ƙurajensa sun bushe duka sannan ya koma.