An kwaikwayi shafin shagona, yaya zan yi?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi ta intanet. Wata mai sayen kayana ta kira ni tana faɗa, wai ta tura kuɗi ba ta ga kaya ba. Da na bincika, ashe wani shafi ne daban mai ɗauke da hotunana da sunan shagona, har da alamar kwaɗo, wato ɗan makullin nan da ke gefen adireshin shafi, amma asusun ba nawa ba ne. Me zan yi? Daga wata 'yar kasuwa a Kano.

Amsa: Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Fara da wadda aka cuta. Ta garzaya bankinta yau da rasidin tura kuɗin, ta nemi a tsare asusun da suka shiga, don ɓarayin nan ba sa barin kuɗi su kwana.

Batun kwaɗo kuwa, shi ya fi ruɗar mutane. Abin da yake nufi kawai shi ne wani ba zai leƙa abin da ke wucewa tsakanin wayarki da shafin ba. Bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Ƙungiyar Let's Encrypt kyauta take bayar da takardar shaidar tsaron da ke kawo alamar, ɓarawo ma yana samu. Ganin yadda ake yi mata gurguwar fahimta ne ya sa Google ya cire ta daga Chrome a 2023.

Dabarar ɓarayin tana cikin adireshin shafin. Ki haɗa r da n a ƙaramin allon waya, sai ki rantse m ce. Ko a sa 1 a gurbin l, ko .com.ng a gurbin .com. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar adireshi da haruffan Cyrillic zalla, irin waɗanda ake rubuta Rashanci da su, wanda ido ke karanta shi apple.com. To ina ga mai saye da ke sauri kada zanen da take so ya ƙare?

Ki ɗauki hoton kowane sashe na shafin bogin kafin su goge. Ki sa adireshin a WHOIS, wurin binciken rajistar adiresoshin intanet, zai nuna miki kamfanin da ya yi masa rajista, ki kai ƙara can da hujjojinki. Ki kuma sanar da Google Safe Browsing, sashen Google mai sa ido kan shafukan damfara. In sun tabbatar, jan gargaɗi zai tare akasarin masu shiga. In adireshin ya ƙare da .ng, ki haɗa da NiRA, mai kula da irin waɗannan sunaye. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta wannan aiki, don haka kina iya rubuta wa EFCC.

Amma a ganina abin da zai fi yi miki aiki ba ya buƙatar injiniya. Ki buɗe asusu da sunan shagon da kika yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki daina karɓar kuɗi ta asusun ƙaninki ko na yarinyar shago. Ki buga sunan asusun da adireshin shafinki a kan leda da rasidi, ki riƙa nanatawa a WhatsApp: in wani suna ya fito, kada a tura. Adiresoshin intanet da suka yi kama da naki kuma, ki sayi biyu ko uku ki karkato da su zuwa shafinki. Kuɗinsu na shekara da wuya ya kai na leshi mai kyau guda.