Yadda jirgin ƙasa ya riƙa ƙetare Binuwai kafin gadar Makurɗi

Tambaya: Na ji dattawa na cewa a da ana ɗora jirgin ƙasa a kan jirgin ruwa a Makurɗi. Gaskiya ne, ko dai labarin bakin kasuwa ne?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Layin dogon gabas ya taso daga Fatakwal, ya iso Inugu a 1916 saboda kwal, daga nan aka ci gaba da shimfiɗa shi arewa har ya haɗu da na Kaduna ta Kafanchan wajen 1927. Sai ga dogo a kudu, ga dogo a arewa, Binuwai kuma tana kwance a tsakani babu gada. Dole aka koma ga fito, sana'ar da masu kwale-kwale suka daɗe suna yi a wannan kogi, sai dai wannan karon taragu ake fitarwa.

Ba ɗungurungum ake ɗora jirgin ba. Jirgin fiton yana da nasa dogon a shimfiɗe a bisansa. A kwance taragu, a turo kaɗan su gangara su hau, a ƙetarar da su, a janye su a wancan gaɓar, sannan a dawo a kwashi saura. Aiki ne mai cin lokaci, ga kwal na jiran hawa arewa, ga kuzar Jos na jiran gangarawa teku.

Babbar matsalar ita ce halin kogin. Wajen Satumba Binuwai kan cika ta tumbatsa, da rani kuma ta janye har tsibiran yashi su fito fili. Dogon da ke kan tudu ba ya motsi, jirgin fito kuwa yana hawa da sauka tare da ruwa, kuma sai bakunan dogayen biyu sun daidaita kafin tarago ya wuce. A ganina wannan ne ya sa fiton bai yi ƙarko ba, don tun asali maganin wucin gadi ne.

An fara gadar a 1928. Kamfanin Sir William Arrol na Glasgow ne ya gina ta, tsawonta kusan rabin mil, Gwamna Donald Cameron kuma ya buɗe ta a watan Mayun 1932. Jirgin ƙasa da mota duka ta kanta suka riƙa bi, fiton taragu ya ƙare. Leburori da 'yan kasuwar da dogo da aikin gada suka jawo, har da Hausawa, da yawansu a nan suka zauna, garin ya bunƙasa. A garin Jebba ma an yi irin wannan fito a kan kogin Kwara, har aka gama tata gadar a 1915.