Kwale-kwalen Su Da Farauta: Siriri Zan Ƙera Ko Mai Faɗi?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina ɗan taɓa kafinta, kuma ina so in ƙera ƙaramin kwale-kwalen katako na mutum biyu, don su da harbin agwagin ruwa a tafki. Wani abokina ya ce in yi shi siriri mai tsinin gindi don ya yi gudu. Haka ne? Kuma wane katako zan saya?

AMSA: Ɗan'uwa, abokin naka ya faɗi gaskiyar masu tsere, amma kai ba tsere za ka yi ba. Mai su yakan leƙa gefe ya jawo taru, maharbi kuma yakan juya da sauri ya saki harbi, bindiga ta tokare masa kafaɗa. Jirgin da kake buƙata shi ne wanda in ka motsa zai tsaya da gindinsa.

Na farko da na ƙera, faɗinsa santimita 80 ne. Kyau kam ba a magana. Rana ta uku na miƙe zan jefa birgi, ƙafar dama ta ɗan matsa gefe, sai ga ni a ruwa, hulata na yawo can, filafili can. Tun daga ranar ban sake ƙera na aiki ƙasa da mita 1.2 a tsakiya ba.

To ka yi shi mai shimfiɗaɗɗen gindi: tsawo mita 3.6, faɗi mita 1.2 a sama, gindin kamar mita 1, bangon gefe santimita 40, ya ɗan buɗe waje. Ga lissafin da zai kwantar maka da hankali. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa. Gindi irin wannan yakan nutse santimita 1 a kan kowane kilo 30 ko kusa da haka. Ku biyu da kaya da jirgin kansa, a ce kilo 250, santimita 8 zuwa 9 kenan a cikin ruwa. Za ka kutsa cikin ciyayin bakin tafki inda agwagi ke fakewa, wurin da mai tsinin gindi zai kafe. Aibinsa guda ne: ba ya son igiyar ruwa, yakan yi ta dukan ta da ƙirji. A babban ruwa mai iska, kada ka fita da shi.

Batun katako, nemi filawud (allon katako mai falle-falle) na jirgin ruwa, wanda aka manne da gam mai jure jiƙa. Milimita 6 a gefe, 9 a gindi. Kada ka dogara da bakin mai sayarwa. Yanki ɗan gutsure ka tafasa shi awa guda. In ya ɓare falle-falle, bar masa kayansa. Tsawon allon filawud ɗaya mita 2.44 ne, dole ka haɗa biyu. A feƙe bakin kowanne a karkace, tsawon fiƙar ya ninka kaurin katakon sau 8, wato milimita 48 ga mai kauri 6, sannan a manne da efoksi, wani gam mai ƙarfi da ba ya jin ruwa.

Haɗa jirgin kuwa kamar ɗinki ne. Ka huda ƙananan ramuka a bakin allunan, ka ɗaure su da wayar tagulla, kana murɗawa sannu a hankali har siffar ta fito. A nan ne za ka ja da baya ka tsuguna, ka duba daga hanci zuwa baya da ido ɗaya, don in ya murɗe yanzu, har abada gefe zai riƙa ja. In ya miƙe, cika lungunan da efoksi da ka kwaɓa da garin katako, ka shimfiɗa ƙyallen faiba, wato na zaren gilashi, a kai ciki da waje. Ƙusar ƙarfe baƙi kuwa tsatsa za ta ci, ta ruɓar da katakon da ke kewaye da ita. Sa wadda ba ta tsatsa.

Rana tana cin efoksi, don haka fenti wajibi ne, kuma tunda farauta za ka yi, zaɓi ruwan ƙasa ko kore mara sheƙi. Kujeru su yi ƙasa-ƙasa, ka cusa soson da ba ya shan ruwa a ƙarƙashinsu, ko jirgin ya cika ba zai tafi ƙasa ba. Filafilai biyu, kowanne mita 2.1 zuwa 2.3, ka naɗe musu tsumma a inda suke gogar jirgi, don agwagwa kunne gare ta.

Harbi a zaune ake yi, mutum ɗaya a lokaci guda, kuma gara bakin bindiga ya bi ta wajen hancin jirgi da ya ratsa gefe. Rigar ceto a jikinka, ba a ƙarƙashin kujera ba. Gwajin farko ka yi shi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ka jijjiga shi da gangan, ka ga iyakar haƙurinsa kafin ka ɗora masa bindiga da taru.