Abinci Mai Zafi da Abinci Mai Sanyi: Amsoshin Likita

Wasiƙun da suka zo a wannan karo kusan duk a kan magana ɗaya suke, wato ɗabi'ar abinci ta zafi da sanyi, don haka na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Tun muna yara muke ji ana cewa wannan abinci mai zafi ne, wancan kuma mai sanyi, ko da daga tukunya ɗaya suka fito. Shin maganar tana da tushe a ilimin likitanci, ko camfi ce kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba camfi ba ce, domin manyan likitocin da duniya ta taɓa alfahari da su ne suka gina ta. Likitocin Girka na dā sun tafi a kan cewa jikin ɗan'adam ya tsayu ne a kan ruwaye huɗu, wato jini da majina da ruwan matsarmama iri biyu, rawaya (safra'u) da baƙi (sauda'u), kuma kowannensu yana da rabonsa na zafi ko sanyi, da danshi ko bushewa. Jalinus, wanda aka haifa a shekara ta 129 miladiyya, ya tsara wannan fahimta har ya kasa magunguna zuwa darajoji huɗu, tun daga mai ɗan ɗumin da ba a cika ji ba zuwa mai zafin da ke ƙona fata. Ibn Sina ya gaji wannan tsari ya faɗaɗa shi a cikin littafinsa Alƙanun, wanda ya kammala a 1025, kuma aka ci gaba da karantar da shi a jami'o'in Turai har cikin ƙarni na 17. A ƙasar Sin an kasa abinci zuwa mai sanyi ƙwarai, da mai sanyi-sanyi, da mai ɗumi, da mai zafi, da kuma na tsaka-tsaki, sannan aka jingina kowane ɗanɗano da wata gaɓa: tsami da hanta, ɗaci da zuciya, zaƙi da saifa, yaji da huhu, gishiri da ƙoda. Likitancin Ayurbeda na Indiya shi ma yana da nasa rabon na mai zafafawa da mai sanyayawa. Manufar dukkansu ɗaya ce: idan wani ɓangare ya rinjaya a jiki, a ba shi kishiyarsa har ya daidaita.

Abin da waɗannan magabata suka ji a jikinsu gaskiya ne, kuma yanzu an san dalilin wani sashe nasa. A bakin jijiyoyin harshe da fata akwai wata 'yar na'urar ji da ake kira TRPV1, wadda aikinta shi ne ta sanar da ƙwaƙwalwa idan zafi ya haura kimanin digiri 43. A 1997 David Julius da abokan aikinsa suka gano ta ta hanyar bin sawun kafsaisin, sinadarin da ke sa barkono yaji, domin ita yake taɓawa, sai ya buga ƙararrawar gobara alhali babu wuta. Sinadarin yajin citta ma wannan na'ura yake motsawa. A 2002 aka gano takwararta ta sanyi, TRPM8, wadda mentol ɗin cikin na'a-na'a ke motsawa, shi ya sa mutum yake jin iska ta yi sanyi a bakinsa bayan ya tauna ganyen. Wannan aiki ne ya kai Julius da Ardem Patapoutian ga lambar yabo ta Nobel a 2021. Haka nan nama da ƙwai da kifi suna ɗumama jiki da gaske, domin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kuzarin da ke cikin furotin yana tafiya ne wajen narkar da shi, ya fita a matsayin ɗumi, yayin da na maiƙo bai cika wuce kashi 3 ba. Kankana kuwa kusan kashi 92 cikin ɗari nata ruwa ne, kokwamba ma ta fi haka, don haka wanda ya kira su masu sanyi bai yi kuskure ba a game da abin da suke yi wa mai ƙishirwa.

Inda maganar take tsayawa shi ne, jin zafi a harshe daban, zafin jiki daban. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ɗumin cikin jiki a kusa da digiri 37 ko me aka ci, kuma barkonon da ake kira mai zafi gumi yake sawa, gumin kuwa sanyaya jiki yake yi. Su kansu tsare-tsaren ba su dace da juna ba. Kindirmo mai sanyi ne a wurin masu bin tafarkin Ibn Sina, amma mai zafafawa ne a Ayurbeda. Zuma mai zafi ce a wurin masu bin Ibn Sina, ta tsaka-tsaki ce a wurin likitocin Sin. Da a ce ɗabi'ar tana cikin abincin kamar yadda gishiri yake cikinsa, da ba a samu wannan saɓani ba. Abin da nake girmamawa a tsarin shi ne yadda ya koyar da lura: a duba shekarun mutum, da yanayin gari, da yadda jikinsa ya karɓi abin da ya ci. Abin da ba na yarda da shi ba shi ne a mayar da shi ma'aunin gane cuta, ko dalilin hana mutum abincin da jikinsa ke bukata.

Tambaya: Likita, ina da juna biyu wata huɗu. Surukata ta hana ni ƙwai da nama da citta, wai masu zafi ne, suna iya zubar da ciki. Ta kuma ce bayan na haihu ba ni ba 'ya'yan itatuwa, domin sanyi zai kama ni. Ina jin kunyar yi mata gardama. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa. Surukarki ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, amma a nan ne wannan rabe-rabe yake yin ɓarna mafi girma, domin abincin da aka fi yi wa tambarin zafi shi ne wanda mai ciki ta fi bukata. Jinin mai juna biyu yana ƙaruwa da kusan rabi, kuma ba ya ƙaruwa sai da sinadarin ƙarfe da furotin, waɗanda nama da kifi da wake ke bayarwa, ƙwai kuma ya ƙara da nasa furotin. Ƙwai da nama da suka dahu sosai ba sa zubar da ciki. Ƙarancin jini kuwa yana jawo kasala da haki, da haihuwar ƙaramin jariri, kuma yana sa zubar jini lokacin haihuwa ta fi haɗari. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid, wani nau'in bitamin, a kullum. Citta a gwargwadon da ake sawa a girki ko shayi ba ta da laifi, har ma tana rage tashin zuciyar laulayi, muddin ba a wuce kimanin giram ɗaya na busasshiyarta a yini ba.

Akwai abubuwan da ya kamata ki kiyaye, sai dai ba don zafinsu ba. Ɗanyar gwanda tana da wani farin ƙaro da ake tsoron yana iya sa mahaifa ta murɗa, amma nunanniya ba haka take ba. Hanta tana da bitamin A mai yawan gaske, wanda yawansa ke cutar da ɗan tayi. Ɗanyar madara da naman da bai dahu ba suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Sinadarin kafeyin, wanda ke cikin kofi da shayi, kada ya wuce miligiram 200 a yini. Batun bayan haihuwa kuwa, mai shayarwa tana bukatar ruwa da ganye da 'ya'yan itatuwa fiye da dā, kuma hana ta su yakan kawo taurin bayan gida da basir, ga ɗinki idan an yi mata. Shawarata ita ce ki tafi da Hajiya awo na gaba, ki bar ungozoma ta yi mata bayani da bakinta. Idan kuma hankalinta ya fi kwanciya da abinci mai ɗumi, a dafa ganyen a ba ki da ɗuminsa, babu abin da ya ragu.

Tambaya: Ɗana yana da shekara uku, kuma duk sa'ad da ya sha abu mai sanyi ko madara sai mura ta kama shi. Shin in hana shi su gaba ɗaya?

Amsa: Mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma daga wani mutum take zuwa, ta tari da atishawa da hannun da ba a wanke ba. Yaro mai shekarun ɗanki yakan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara, don haka da wuya a rasa wani abu mai sanyi da ya sha kafin kowace ɗaya, sai a ɗora wa abin laifi. Madara ma ba ta ƙara majina. An gwada wannan a Ostareliya, inda aka sa wa masu sa kai ƙwayar mura aka riƙa auna majinarsu, kuma ba a ga ta ƙaru da yawan madarar da suka sha ba, kamar yadda aka wallafa a 1990. Abin da ke faruwa shi ne madara tana gauraya da yawu ta bar ɗan kauri a maƙogwaro na ɗan lokaci. Inda magabata suka yi daidai shi ne wajen ba mai mura abu mai ɗumi, domin romo da ruwan ɗumi suna sassauta maƙogwaro, cokalin zuma kafin barci kuma yana rage tarin dare. Sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jijiyoyin jarirai. Ki ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance lafiya ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Idan ya kai 40, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki idan ya ja iska, ko ya kasa shan ruwa, wannan ya wuce mura, ki kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: Ina fama da zafin ciki da ƙwannafi shekara biyu. An ce zafi ne ya yi mini yawa, don haka na daina yaji, na koma shan madara mai sanyi da shayin na'a-na'a, amma abin sai ƙaruwa yake yi.

Amsa: Abubuwa biyun da ka koma gare su, Malam, suna iya zama cikin masu ƙara maka wahalar. Madara tana kwantar da raɗaɗi na ɗan lokaci, daga baya furotin da kalsiyom ɗin cikinta su sa ciki ya ƙara zubo ruwan tsami. Na'a-na'a kuwa, duk da sanyin da ake ji, tana sassauta tsokar da ke rufe bakin ciki, sai ruwan tsamin ya samu hanyar hawowa ƙirji. Yaji yana iya tayar da ciwon da yake nan, amma ba shi ke haifar da gyambon ciki ba. Manyan dalilansa biyu ne: ƙwayar bakteriya mai suna Helikobakta, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a 1982 aka ba su Nobel a kanta a 2005, da kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su asfirin da ibufurofen da daikulofenak. Ana gwada ƙwayar ta bayan gida ko ta numfashi, maganinta kuma haɗin ƙwayoyi ne na kwana 10 zuwa 14. Kafin ka je, ka rage yawan abin da kake ci a zama ɗaya, ka bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, ka daina taba idan kana sha. Baƙin bayan gida, ko aman jini, ko wahalar haɗiya, ko rama ba dalili, ba abin jira ba ne.

Tambaya: Gaskiya ne cin kifi da madara tare yana kawo albaras?

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Wannan tsoro ya yaɗu a ƙasashe da yawa, amma fararen tabban suna fitowa ne idan garkuwar jiki ta juya kan ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma gado yana da hannu a ciki. Wanda cikinsa ya murɗa bayan wannan haɗi ya duba ko kifin ya kwana, ko kuwa yana cikin kusan kashi biyu bisa uku na manyan mutanen duniya da ba sa narkar da sukarin madara sosai.

Tambaya: Shekaruna 64, ina shan maganin hawan jini. Wani mai magani ya ce jinina ne ya yi zafi, in ajiye ƙwayoyin in dage da kankana da kokwamba da tafarnuwa. Mene ne ra'ayinku?

Amsa: Baba, ku ci kankanar da kokwambar, amma kada ku ajiye ƙwayoyin. Hawan jini ba zafin jini ba ne, ƙarfin matsin jini ne a bangon jijiyoyi, kuma yawanci ba ya ba da wata alama sai ya taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya ko ƙoda, don haka jin daɗin jiki ba shaida ba ce cewa ya sauka. Ganye da 'ya'yan itatuwa suna taimakawa da gaske saboda fotasiyom ɗin cikinsu, wanda ke sa ƙoda ta fitar da gishiri. Abin da ya fi su tasiri shi ne rage gishirin kansa zuwa ƙasa da giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, a haɗe da wanda ya riga ya ɓuya a cikin burodi da abincin gwangwani. Idan kuna da ciwon ƙoda, yawan fotasiyom yana da haɗari ga bugun zuciya, sai an auna jininku kafin ku ƙara. Tafarnuwa a girki ba ta da matsala, amma ƙwayoyinta da ake sayarwa suna iya ƙara zubar jini ga mai shan wafarin (maganin hana daskarewar jini) ko asfirin. Ku samu na'urar awo a gida, ku zauna minti biyar kafin ku auna, safe da yamma, ku rubuta lambobin na mako biyu ku kai wa likitanku. Idan sun sauka sosai, shi ne zai rage maganin da kansa.