Zauren Anti: "Shekara tana wucewa, ni ina bakin murhu"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Ni budurwa ce 'yar shekara 22, ina gidan iyayena a Tudun Wadan Zariya, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Ƙannena biyar, uku maza. Mama tana fama da ciwon baya, don haka gidan a kaina yake: shara, wanke-wanke, girki, jiran mai ruwa, shirya yara boko da Islamiyya. Tun da na gama sakandare nake da buri uku. In gyara lissafina da na samu D7 don in shiga makarantar jinya, in haddace ko da izu goma ne, in kuma sayi keken ɗinki nawa na kaina. Duk farkon shekara sai in rubuta su a bayan littafi, shekara ta ƙare ban taɓuka komai ba. Ƙawayena suna jami'ar ABU a Samaru, wasu har sun kusa gamawa, ni sai dai in ga hotunansu a waya. Sannan Anti ina da son 'yan ƙananan abubuwa. In ana ruwa ina son in zauna bakin ƙofar ɗaki da gasasshiyar masara ina kallo, da hunturu kuma in shimfiɗa tabarma in sha hantsi ina shan rake. Gwaggona ta ce son jiki ne zai kashe ni, wai mai buri ba ta zama. Don Allah raguwa ce ni? Ta ina zan fara?

Daga 'yarki a Tudun Wada

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da aljanna.

Raguwa ba ta ciyar da gida mai mutum takwas sau uku a rana, don haka wannan kalmar ki ajiye ta. Gwaggo tana ganinki ne a minti ashirin ɗin da kika zauna, ba ta nan lokacin da kike kankare ƙanzon tukunya da asuba. Ki gaishe ta da ladabi, ki miƙa mata gaɓar rake, ki ci gaba da zamanki.

Matsalarki a wajena guda biyu ce. Kin ɗauko buri uku kin jera su a layi ɗaya kamar duk ranar ɗaya za a fara su, alhali taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku. Sannan kina lissafi da shekarar kalanda, daga Janairu zuwa Disamba, kamar watannin duk ɗaya suke. Ke da kike lura da zuwan masara da zuwan rake kin fi kowa sanin ba haka Zariya take ba. Akwai watan da kuɗi ke samuwa, akwai watan da karatu ke shiga kai, akwai kuma watan da in mace ta idar da azumi ta sauke tukunya lafiya to ta yi ƙoƙari. Kowane burinki yana da lokacinsa, kuma sa'arki ɗaya, wasiƙarki ta zo da kaka, daidai bakin lokacin biyu daga cikinsu.

Lissafi shi ne gaba, domin shi kaɗai ne wasu ke yanka masa rana ba ke ba. Makarantar jinya ta asibitin koyarwa na ABU, ko kwalejin kiwon lafiya ta Makarfi, duk sai da kiredit biyar, da Turanci da lissafi a ciki. D7 kuwa taki ɗaya ne tsakaninta da C6, inda kiredit yake farawa. WAEC tana shirya wa masu zaman kansu jarrabawa a wajen Janairu zuwa Fabrairu, sannan ita da NECO kowacce tana da wata a ƙarshen shekara. Ki nufi ta farkon, in ba a dace ba ta ƙarshen shekara tana nan. Amma kafin ki biya ko kwabo, ki taka da ƙafarki zuwa makarantar da kike so ki tambaya ko suna karɓar sakamako biyu a haɗe, don ba kowace ke karɓa a kowane fanni ba. JAMB kuma ki bar ta tukuna. Ana iya yin ta da jiran sakamako, na sani, amma makinta na shekara ɗaya ne, kuma ban ga dalilin da za ki raba hankalinki da kuɗin Baba gida biyu ba.

Malami ba zai yi miki wuya ba a inda kike. Ga tsohuwar kwalejin horar da malamai ta FCE nan kusa da ku, ga harabar ABU ta Kongo, unguwarku cike take da ɗalibai 'yan haya. Ki nemi mace mai karanta lissafi ko kimiyya, ku yi yarjejeniya: ta zauna da ke sau biyu a mako a kan tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ke kuma ki yi mata kitso ko ki riƙa zuba mata tuwon dare. Ɗalibar da ta gaji da taliya da manja ba za ta ƙi wannan ciniki ba.

Sai dai duk wannan ba zai yiwu ba in ba ki da awa ɗaya taki ta kanki, kuma awar nan ba satar ta za ki yi ba, roƙon ta za ki yi a fili. Ki sami Mama lokacin da jikinta ya yi sauƙi, ki ce mata, "Mama, ina so ki ba ni daga bayan azahar zuwa la'asar, in yi karatun jarrabawa." Ki faɗi lokacin ƙarara, ki faɗi watan da za ki gama. Iyaye sun fi saurin amincewa da abin da suka san iyakarsa. In ta yarda, ita za ta kai maganar wajen Baba, kuma ita za ta tare miki Gwaggo.

Ga kuma 'yan mazan nan uku. Ni fa abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya a gidajenmu: yaro ya kai shekara goma sha huɗu, yana iya buga ƙwallo daga la'asar har magariba, amma wai ba zai iya tsayawa ya jira mai ruwa ya juye jarkoki a randa ba. Nana A'isha da aka tambaye ta abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. To ruwa, da zubar da shara, da kai niƙa, da wankin kayan makarantarsu, duk su koma hannunsu. Amma umarnin ya fito daga bakin Mama ko Baba. In daga naki ya fito, faɗa za a yi ta yi, a ce Yaya ta cika mulki.

Yanzu keke. A nan ne nake so ki yi amfani da wannan idon naki mai lura da yanayi. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani yake cika gari, daga fadamun Galma da sauran wuraren noman rani, har ki ga masu kwanduna suna roƙon mai saye da yamma don kada ya kwana ya lalace. Daga Mayu zuwa Yuli kuwa, in ruwa ya sauka, tumatir huɗu sai ki ji kuɗinsu ki riƙe baki. Tsakanin waɗannan lokuta biyu akwai ribar da matan gari suka daɗe suna ci da kauɗa.

Ga yadda ake yin mai kyau. Ki sayi mai tauri, ɗan dogon nan da 'yan kasuwa ke kira UTC, ja sosai amma bai yi laushi ba, kuma kada arha ta ja ki ki kwaso ɓare. Ki wanke, ki bar shi ya tsane, sannan ki yanka da sassafe don ya sami ranar yini guda cur kafin dare. Kowane ɗaya gida biyu ko uku, cikin yana kallon sama. Kada ki baza a ƙasa. Ki ɗora tsabtataccen buhu ko tabarma a kan wani abu mai tsayi, benci biyu da katako ma sun isa, ki rufa masa tsohon gidan sauro wankakke saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Wannan rufin shi ne bambancin taki da kauɗar da ake shanyawa a bakin titi, wadda sai an wanke ta sau uku ana jin tsakuwa a miya. Da yamma ki shigar da shi, da safe ki fitar ki jujjuya. Iskar hunturu busasshiya ce, cikin mako guda yawanci ya gama. Alamarsa, in kin lanƙwasa ya karye ko ya yi ƙaras, ba danshi a tsakiya. Kada gabanki ya faɗi in kin ga kwando guda ya koma ɗan abin da bai cika ƙaramar roba ba, fiye da kashi 90 cikin ɗari na tumatir ruwa ne. Ki ɗaure a leda, ki sa a bokiti mai murfi, ki ɗaga shi daga ƙasa. In damina ta kankama, duk ranar da rana ta buɗe ki fito da shi ya sha iska. Tattasai da attaruhu ma haka, zoɓo kuwa yanzu da kaka yake arha, da azumi kowa nemansa yake.

Ki fara da kwando ɗaya ko biyu, daga kuɗin kitso ko abin da Baba ya ba ki. Maƙwabtanki su ne kasuwarki, gwangwani-gwangwani. Ba na ce damina ɗaya za ta saya miki sabuwar Butterfly ba, amma in kin haɗa da adashi wurin uwar adashin da Mama ta sani ta yarda da ita, keke na hannu mai lafiya ba zai gagare ki ba. Masu cewa a waya ki turo dubu goma ta zama ashirin a mako, ko sallamarsu kada ki amsa. Kuma kafin keken ya zo ki riƙa zuwa wurin mai ɗinki a unguwa gabanin salla, lokacin da aiki ya yi musu yawa suke neman mai sa maɓalli da kalmasa. Nan ake koyo.

Hadda ba ta buƙatar dogon tsari. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, layi 15 a shafi, izu ɗaya kusan shafi goma. Layi biyar bayan sallar asuba, shafi ɗaya ke nan a kwana uku, izu a wata. Ki ninka lokacin saboda tilawa da ranakun da ba kya salla da ranakun da gida ya rikice, ki ce izu a wata biyu. Izu gomanki bai kai shekara biyu ba. Sai dai ki nemi malamar da za ki riƙa kai wa, haddar da ba mai saurare zubewa take. In jarrabawa ta matso ki tsaya a tilawa kawai. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a ƙarshen hunturu, yana kuma matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, to shi ne watan Alƙur'aninki, kada ki ɗora masa wani buri daban.

Masararki da rakenki kuwa, ban yarda ki bar ko ɗaya ba. Mu da muka girma a garin nan da su muke gane shekara. Ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko bayan zafin Afrilu ya gasa mutane. Sabuwar masara mai ruwa-ruwa, wadda in kin ciza sai ta fashe a baki, da dafaffiyar gyaɗa mai ɗumi a ƙullin leda. Ranar marka a watan Agusta, gari ya yi duhu tun safe, a ɗora faten tsaki da yakuwa da rama da dakakkiyar gyaɗa, kowa ya ja kwanonsa ya shige ɗaki, Kanawa su yi ta yi mana tsiya mu dai muna sha. Sai hunturu, raken Makarfi ya shigo gari a kurori, hazo ya rufe dutsen Kufena, a fito da tabarma a bi hantsi yana matsawa ana matsawa. Bazara ta zo da mangwaro har yara su ƙi tuwo. Wadda take aiki daga asuba zuwa isha in ba ta da irin waɗannan, da me za ta huta? Sharaɗina ɗaya: in kin zauna shan raken, wayar ta zauna a ɗaki. Hotunan Samaru su ne suke mayar miki da hutun baƙin ciki, kuma ba wadda take ɗora hoton ranar da ta faɗi jarrabawa.

In kin yi rajistar, ki rubuto ki faɗa mini wacce kika zaɓa.

TAMBAYA

Anti, ni kuma duk hunturu ƙafata sai ta yi faso har ta riƙa jini, ga shi ina da bikin ƙawata a Disamba kuma ina son in sa lalle. Me zan yi?

Daga wata ɗaliba a Samaru

AMSA

Ki fara tun yanzu, kada ki jira ta tsage. Kowane dare ki jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi kamar minti goma, ki goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ban da reza. Tun ƙafar tana da ɗan danshi ki shafa man kaɗanya ko basilin da kauri, ki sa safa ki kwanta. Da rana ki rage yawo da silifas a ƙura, in za ki yi wanki kuma kada ki tsaya cikin ruwan omo. Lalle ki sa na gargajiya, jan nan. Baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar wasu, balle a ce ya shiga tsaga. In wurin ya kumbura, ko yana fitar da ruwa, ko kina da ciwon suga, ki bar dabarun gida ki je asibiti.