Babur ɗin farko: mai 125 ko mai 200?

Tambaya: Yaya, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne, shekarata 24, ina zaune a unguwar Zariya a Maradi. An tura ni wani ƙauye ta hanyar Madarumfa, kwalta ce har wani wuri, sauran kuma rairayi. Na tara kuɗin babur, amma in ban da keke ban taɓa tuƙa komai ba. Abokaina sun ce in sayi mai cc 200, wai ƙarami ba ya ƙarko, kuma rairayi riƙe shi yake. Me ka gani?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sanya albarka a aikin. Sayi mai 125.

Wannan lambar girman cikin silinda take nunawa, wurin da mai da iska ke haɗuwa su ƙone. Mai 125 cikinsa kashi ɗaya ne cikin takwas na lita. In lambar ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, shan mai ya ƙaru, nauyi ma haka. Ƙarko kuwa ba ruwansa da ita. Dubi ƴan kabu-kabu a bakin Babbar Kasuwa: masu 100 da 125 suke hawa tun safe har dare, da fasinja da buhu a baya. Abin da ke kashe inji a garin nan ƙura ce da sakaci da baƙin mai. Ka riƙa juye shi kan lokaci, musamman juyin farko na sabon inji, ka riƙa duba matatar iska lokacin hunturu.

Maganar rairayi ce ta fi damuna, don nan na sha wuya. Da babban babur na wani yayana na koya. Ran nan ina gangarawa wajen gulbi, tayar gaba ta fara rawa, tsoro ya kama ni, na damƙe birkin hannu, hannun kuma ya murɗa totur ban sani ba. Sai ga ni ƙasa, babur a kaina, salansa ta manne mini a ƙwauri. Ban iya ɗaga shi ba sai da wasu yara biyu masu amalanke suka tsaya. Tabon yana nan har yau. Sabbin hannu da yawa suna yin wannan kuskuren, sai dai ƙaramin inji in ka murɗa shi bisa kuskure yakan ba ka damar gyarawa, babba kuwa fizgar ka zai yi. Kai kuma kullum da sassafe za ka bi hanyar, sau da yawa ba kowa kusa.

Rairayi dabara yake so: giya ta biyu, totur daidai ba ƙari ba ragi, ka ɗan ja jikinka baya, idonka can gaba, ka bar birkin hannu ya huta. Mai 125 ya ishe ka wannan.

Mai 110 marar kulocin hannu ya fi sauƙin koyo, da a cikin gari za ka tsaya, da shi zan ce ka saya, amma tayoyinsa sirara ne ga hanyarka. Mai 150 sai nan gaba, in ka fara tafiyar Tasawa ko Dakoro da kaya.

Ranar saye ka tafi da bakanike da ka yarda da shi. Ka hau babur ɗin ka zauna, tafin ƙafafunka biyu su taka ƙasa sosai. Ka karkatar da shi gefe ka ji ko kana iya maido shi kai kaɗai. Ka tambayi bakaniken ko ana samun kayan gyaransa a nan Maradi ba sai an aika nesa ba.

Kuɗin da ya yi saura, don Allah hular kwano ka fara saya, mai igiya, sannan lasisi da takardu. Kafin ka kama hanyar ƙauyen, ka yi mako biyu kana koyon tashi da tsayawa a fili da yamma, da wani babba a kusa da kai. In ka fara zuwa makarantar, ka rubuto mini yadda ka samu hanyar.