Tambaya da Amsa: Ejan ya ce in biya miliyan tara ya kai ni Kanada

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekara huɗu ke nan da na gama jami'a ban sami aiki ba. Wani abokin yayana ya haɗa ni da ejan da ya ce yana da gurbin aikin sito a Kanada. Ya nuna mini takardar ɗaukar aiki mai tambarin kamfani a wayarsa, ya ce in biya naira miliyan tara, rabi yanzu, rabi idan biza ta fito. Ya ce kada in damu da takardar banki, shi zai shirya ta, ni dai in ba shi fasfo ɗina. Mahaifina ya amince ya sayar da filinsa na gado. Ina neman shawara kafin a ƙulla cinikin.
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, ka roƙi Baba ya dakatar da cinikin filin nan, domin a cikin gajeriyar wasiƙarka na ga abubuwa uku da kowane ɗayansu ya isa ya sa mutum ya ja da baya.

Mu fara da kuɗin. Kamfanin da zai ɗauko ma'aikacin sito daga waje sai ya nemi takardar izini daga gwamnatin Kanada, wadda ake kira LMIA, ya nuna cewa ya nemi ɗan ƙasa bai samu ba. Kuɗin takardar dalar Kanada 1,000 ne, kuma kamfanin ne ke biya. Doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi ko kuɗin ɗaukar aiki. Abin da ke kanka shi ne dala 155 na izinin aiki da dala 85 na ɗaukar hoton yatsu, sai gwajin lafiya idan an buƙata da kuɗin jirgi. Ka lissafa, sannan ka tambayi ejan ɗin inda ragowar miliyoyin za su shiga. Cinikin irin waɗannan takardu ya yi ƙamari har sai da hukumar shige da ficen Kanada ta daina bayar da ƙarin maki saboda takardar aiki a tsarinta na Express Entry, wanda ake zaɓen masu neman zama na dindindin da shi ta hanyar maki, tun watan Maris na 2025.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar da ya yi cewa shi zai shirya takardar banki. Ma'anar wannan a fili take: zai ƙirƙiri takardar da ke nuna kana da kuɗin da ba ka da su, ya tura ta da sunanka. Jami'in da zai duba takardunka bai san ejan ba, sunanka kawai yake gani, kuma a dokar Kanada duk wanda aka kama da bayanin ƙarya ana hana shi shiga ƙasar tsawon shekara biyar, ko da ya rantse cewa bai san abin da aka rubuta ba. A 2023 ɗalibai da yawa 'yan Indiya suka fuskanci barazanar kora daga Kanada bayan sun gama karatu, wasu har sun kama aiki, saboda sai lokacin da suka nemi zama na dindindin aka gano cewa takardun shiga makaranta da wani ejan na garin Jalandhar ya ba su na jabu ne. An ɗaure ejan ɗin daga baya, kuma an sassauta wa waɗanda bincike ya nuna an yaudare su, sai dai sun kwashe watanni suna zanga-zanga da zaryar ofisoshin lauyoyi kafin su san makomarsu.

Gwada mutumin nan ba shi da wuya. Ba wanda doka ta yarda ya karɓi kuɗi don ya wakilce ka a gaban hukumar Kanada sai wanda aka ba izini a can, kamar lauyan da ke da rajista, ko mai ba da shawara da ke da lasisin CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice a Kanada, kuma sunayen masu lasisin suna nan a shafinta na intanet. Ka nemi cikakken sunansa da lambar lasisinsa, ka duba da idonka. Idan ya ce da wani lauya yake aiki a can, ka nemo lambar lauyan daga rajista, ba daga hannun ejan ba, ka tuntuɓe shi. Haka kamfanin: ka nemo adireshinsa da kanka ka tambaye su ko sun san sunanka, domin ba a ɗaukar mutum aiki ba tare da an taɓa ganawa da shi ko ta waya ba. Fasfo kuwa ya zauna a hannunka. Hoton yatsu ma kai da kanka za ka je cibiyar biza a Abuja ko Legas a ɗauka. Na san za a ce abokin yayanka ya san shi, kuma kunya za ta hana ka yi masa tambayoyi, amma sau da yawa mai haɗa mutane da ejan yana da kamasho, ko kuma shi ma bai san abin da ke ƙasa ba. Idan ka riga ka biya wani abu, ka adana rasit da saƙonnin waya ka kai wa EFCC ko 'yan sanda.

TAMBAYA: Malam, wata hajiya ta ce za ta kai ƙanwata aikatau Saudiyya da bizar Umara, ba sai mun biya komai ba, za a riƙa cirewa daga albashinta. Shin wannan hanya tana da kyau?
Mai karatu daga Katsina

AMSA: 'Yar'uwa, kada ku yarda. Bizar Umara ba ta ba da izinin aiki, kuma da zarar wa'adinta ya ƙare ƙanwarki ta zama marar iƙama, tana ɓuya daga jami'ai, ba ta da inda za ta kai ƙara idan an hana ta albashi ko an ci zarafinta, ga bashin hajiya a wuyanta, har ranar da za a kama ta a kai ta tarhil, wato wurin da ake tsare waɗanda za a koro gida. Saudiyya tana ɗaukar masu aikin gida ne ta tsarinta na intanet mai suna Musaned, da rubutacciyar yarjejeniya da bizar aiki, kuma a Najeriya sai kamfanin da ke da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke da ikon tura ma'aikata waje. Ku nemi hajiyar ta nuna muku lasisin da yarjejeniyar. Idan ta kasa, ko ta matsa a ba ta fasfon yarinyar, ku sanar da ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, mafi kusa da ku, domin bin sawun irin wannan tafiya aikinsu ne.